Zuwa ga Bawana na Tibiri, Sarkin Sauya Sheƙa

Ɗan goggo, bawana! Labari ya iso fadarmu a Maradi cewa ka goge PUBG, ka koma Free Fire. Wannan karon me ya kore ka?

Na san amsarka. Za ka ce PUBG ta cinye cikin wayarka, salular ta yi zafi har ana iya ɗora butar shayi a kanta. To, a nan ka yi gaskiya. Free Fire da kamfanin Garena ya fitar a 2017 don ƙananan wayoyi aka gina ta: mutum 50 a fili, minti goma an tashi. PUBG kuwa mutum 100 ne, sai ka kai rabin awa, forfe yana zuba.

Amma ƙwallon eFootball fa? Ita ma ka gudu ka bar ta bayan yaran Jiratawa, da suka yini suna ban ruwan zogale, sun zura maka har ka daina ƙirgawa. Ka ce rezo ne. Rezon nan kai kaɗai yake kamawa? Da Najeriya ta yanke kuran a Agustan 2023, kowa ya sha layin caji, amma kai kaɗai ka mai da shi hujjar komawa Ludo King. Can ma ƙanwata ta cinye ka, ka ce lido sa'a ce.

Ban ga laifinka ba, gado ne. Kakanninka Gobirawa sun bar Birnin Lalle, sun bar Alƙalawa a 1808, kafin su kafa Tibiri a 1836. Sai dai su da takobi a hannu suka yi ƙaura, kai kuwa da babban yatsa.

Gaskiyar magana, mutane kake bi. Ranar da 'yan fadarku suka tashi daga wasa, ba ka iya kwana a cikinsa, don ba wanda zai ji kurinka in ka harbe mutum ɗaya bisa kuskure. Mu ma haka muke, sai dai mu ba ma ɗora wa waya laifi.

Jumma'a ka hau kabu-kabu ka zo, ka zaɓi wasan da kake so. In ka ci ni, na ninka maka kuɗin shara bana. In na ci ka, tsintsiya na bayan ƙofa.

Ubangidanka na Maradi.