Afendis Ya Fita, Bashi Ya Zauna

Duk telan da ke kasuwar IBB a Suleja ya san kuɗin shekara a watan azumi suke, kuma mai injin surfani na kwamfuta shi ne sarkin layi. Ni kuwa sai in ɗinka shadda in kai wa yaron da ni na koya wa zura zare a allura, ya yi mata aikin wuya, ya kwashe kaso mai tsoka, ya kuma ce in dawo jibi. Da abin ya ishe ni sai na ce in sayi nawa injin, na tattara takarduna na nufi wani banki da ba ya harka da kuɗin ruwa, irin wanda zai sayi kaya ya sayar maka ka riƙa biya sannu a hankali.

Ma'aikacin ya karɓe ni hannu bibbiyu, har da ruwan gora. Ya nemi lambar BVN, ya danna, sai fara'arsa ta fara raguwa.

"Malam, ana bin ka bashi."

"Yallaɓai, ni ake bi? Ni da rabin Suleja ke yawo da ɗinkin da ba su biya ba?"

Ya juyo mini da kwamfutar. Ga sunana, ga na mahaifina, ga watan Fabrairun 2023. Ina ganin watan sai gefen cikina na dama ya motsa.

Wanda ya ga wannan wata ba ya buƙatar tuni. Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin sun tafi, sababbin ba su iso ba, masu POS sun zama manyan gari. A tsakiyar wannan hali afendis ɗina ya ga ya dace ya kumbura. Aka kwashe ni cikin dare a keke-napep zuwa wani asibitin kuɗi, likita ya ce tiyata yanzu-yanzu, mai karɓar kuɗi ya ce kafin alƙalami tukuna. Surukata ta kwance bakin zaninta ta ba da rabi. Sauran rabin, ƙanena ya zaro wayata daga aljihuna, ya sauke wata manhajar ba da rance, ya danna "na yarda" a duk inda aka ce a danna. Manhajar ta nemi hoton fuska. Ya haska ni ina murƙususu a kan benci, baki a karkace, ido ɗaya a rufe, kuma ta amince cewa ni ne. Wannan amincewar ta fi yankan ciwo.

Ina samun sauƙi na biya su, ranar da wa'adi ya cika. Sai dai a lokacin in ka tura kuɗi sai sun yi yawon duniya kafin su sauka, nawa sun kwana a hanya. Kamfanin ya ɗora tarar latti, naira dubu ɗaya da ɗari takwas, ya kuma yi gum. Sauran masu irin wannan sana'a an san su da tura wa duk lambobin wayarka saƙo cewa kai ɓarawo ne, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai musu samame a Legas a 2022. Ni nawa kamfanin mai kunya ne. Bai tona mini asiri a unguwa ba, sai ya kai sunana inda ya fi unguwa.

Ma'aikacin bankin ya yi mini karatu dalla-dalla. Akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, aikinsu ajiye tarihin bashin mutane, dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta tsara yadda suke aiki. Mai ba da rance ya kai musu labarinka, mai shirin ba ka ya leƙa kafin ya miƙo. Duk ukun a Legas suke. Ban yi mamaki sosai ba. Mu mutanen Suleja mun saba a ɗauki sunanmu a kai wani wuri, tun da aka ɗauke Abuja aka liƙa wa sabon babban birni, aka bar mu da sunan da aka yanko daga na Sarki Sulaimanu Barau.

Tun da bashin na asibiti ne, asibitin na nufa. Mai karɓar kuɗin yana nan a tagarsa, ya ƙara ƙiba. Na ce ya taimaka ya goge sunana. Ya yi dariya har da buga tebur.

"Baba, mu nan ba ma bin kowa. Wanda bai biya ba ai bai wuce wannan tagar ba."

Gaskiya ya faɗa. Wani ɗan ƙanen babana da ke tuƙin tasi a Amurka ya yi ta ba ni shawara ta WhatsApp, wai can tun 2022 manyan kamfanoninsu uku, Equifax da Experian da TransUnion, suka daina nuna bashin asibitin da aka riga aka biya, a 2023 kuma suka cire duk wanda bai kai dala 500 ba, don haka in je in ce musu na asibiti ne. Shi bai gane ba. Can asibiti ya yi maka magani sannan ya biyo ka da takarda. Nan sai ka biya a taɓa ka, shi ya sa bashin jinya ba ya zama a asibiti. Yana komawa wurin uwar adashe, ko mai shagon unguwa, ko manhajar waya, ko surukai, kuma a takarda babu inda za a rubuta cewa ciwo ne ya jawo shi. A idon kwamfuta ni da wanda ya ci rance ya buga caca ɗaya muke. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Likita ya yanke mini guntun hanji ya jefar, ashe ba wanda ya kamata ya yanke ba ke nan.

Aka ce mai rubutu shi ke gogewa, sai in nemo kamfanin ya ba ni takardar shaidar cewa ba ya bi na. Manhajar ta ɓace daga Play Store. Lambar wayarsu wata mata ce ke ɗauka, tana sayar da kifi. Adireshin da ke cikin tsohon saƙonsu ya kai ni Abuja, na bi ta Madalla, dutsen Zuma yana kallona da wannan fuskar tasa ta wanda ya san ƙarshen zance, na sha cunkoson Zuba, na isa na tarar da shagon gyaran gashi. Wata yarinya ta leƙo ta tambaye ni ko kitso matata take so.

Ƙanena, wanda ya jefa ni a ramin, shi ya miƙo igiya. Ya gano manhajar fuska ce kawai, kuɗin na wani ƙaramin banki ne, sunansa na nan a ƙasan rahoton da ƙananan haruffa. Ya kuma gano doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da bai yarda da shi ba, in an ƙi sauraronsa ya kai kuka sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Muka je wurin mai kwamfuta a bakin kasuwa, aka buga wasiƙa da Turanci mai kauri, muka haɗa da rasit ɗin biyan da na tono a waya, muka tura ta imel. Tarar kuwa ta hayayyafa ta haura dubu tara. Na yi ciniki irin na 'yan kasuwa, har da cewa albarka, suka ce nan ba a tayi. Na biya.

Bayan makonni takarda ta fito, na kai banki ina taƙama. Ma'aikacin ya duba ya yi murmushi.

"Malam, an gyara. Yanzu an rubuta ka biya."

"An goge ke nan?"

"A'a, ba a gogewa. Zai zauna shekaru, sai dai kowa zai ga ka biya a makare."

Kafin nan Sallah ta wuce, dala ta tashi, kuɗin injin ya kusa ninkawa, yaron nan kuma ya sayi na biyu.

Saura rabin surukata. Na biya ta tun tuni, a gaban shaidu, har da turmin atamfa na godiya. Amma nata kundin babu imel, babu sashen koke. Ranar sunan ɗan ƙanwar matata, tsakar gida cike da mata, na shigo gaisuwa na durƙusa, sai ta nuna ni da bakin mafici.

"Kun gan shi nan, da kuɗin adashena aka farke shi."

Na ce, "Inna, ai na biya."

Ta ce, "Wa ya ce ba ka biya ba? Ɗaga rigar su ga wurin."