Basarken da Ya Biya Kuɗi Ya Saki Kifi

Bawana Basarke, ina gaishe ka irin gaisuwar ubangida ga yaronsa, wato daga zaune. Hoton da ka turo ta WhatsApp ya iso Anka lafiya, kuma kafin la'asar ya zagaye rumfar mahauta kaf, tun daga mai fiɗa har yaron da ke korar ƙuda. Ga ka nan tsaye cikin wani farin jirgi ɗan ƙarami, da hular hana-salla, da baƙin tabarau, an ɗaure ka tamau cikin rigar ruwa ruwan lemo kamar akuyar da za a kai kasuwar Gummi bisa babur. A hannunka wata sanda mai kwarkwaro irin na keken ɗinki. A ƙasa ka rubuta wai kana "hutun ƙarshen mako a teku". Mun buɗa hoton da yatsu biyu, mun duba dama, mun duba hagu, har wani dattijo ya aika gida aka ɗauko masa madubin ido. Mun ga ruwa. Mun ga sama. Mun ga tumbinka, wanda da na sa ne da ya yi kuɗi. Kifi dai ko na rantsuwa babu.

Kada ka wahalar da kanka wajen ƙaryata abin da zan faɗa, domin labarin bai biyo iska ba. Ka manta Rundawa sun riga ka zuwa Ikko. Ɗan ƙanena yana mayankar Oko-Oba a Agege, kuma ɗaya daga cikin waɗanda kuka shiga jirgin tare a wurinsa yake sayen ƙafar sa. Mai sayen ƙafar sa kuwa ba ya ɓoye wa mahauci komai, don yana son gyara.

An ce kun tashi da asuba, ku shida, da matuƙi da yaronsa. Kuɗin da kuka haɗa na haya da mai, in da ni ka ba, da na kawo maka ɗan maraƙi har ƙofar gida, in yi maka fiɗa kyauta, in bar maka fata. Muddin kuna cikin ruwan da ke kwance tsakanin gine-gine, bakinka bai huta ba. Kai ne jikan wane da ke kiran kada ya zo ya kwanta a gabansa, kai ne wanda aka yi wa wankan jego da ruwan gulbi, a gidanku in ƙaya ta maƙale wa mutum a wuya ba a zuwa asibiti, tofi ɗaya ake yi ta sauka. Har ka ƙi sa rigar ruwa, wai abin kunya ne ga ɗan Sarkawa, sai da matuƙi ya ce ko ka sa ko ka sauka. To, da kuka wuce Tarkwa Bay, kuka fita ta bakin da manyan jiragen kaya ke shiga, gine-ginen Ikko suka fara nutsewa a bayanku, sai kirarin ya ragu. Sai ya tsaya. Sai aka ga jikan mai kiran kada ya rungume gefen jirgi kamar ya ga uwarsa, yana miƙa wa kifayen Atilantika masa da miyar da ya karya kumallo da su. Tun da aka fara su a duniya, kifi ke ciyar da Basarke. A kanka aka fara jin Basarke ya ciyar da kifi, kuma da kuɗinsa.

Na tambayi wani ma'aikacin lafiya a nan, don kada a ce Barunde ya yi shari'a da jahilci. Ya ce abin ba na aljanun ruwa ba ne: akwai wani ɗan ruwa can cikin kunne da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ana lilo da mutum, ido kuma yana kallon cikin jirgi yana cewa zaune ake lafiya, to in shaidun nan biyu suka saɓa sai ciki ya ɗau hukunci a hannunsa. Maganinsa a kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, a tauna citta, ko a sha ƙwaya tun kafin a shiga. Ka ga duk cikin layun da ka gada babu na kunne.

Ba laifinka ba ne, laifin wanda ya ce maka duk ruwa ruwa ne. Kai ɗan Gulbin Zamfara ne, wanda da damina yake cika yana hauka, da bazara kuma yara su yi ƙwallo a kan yashinsa, masu jakuna su tsallaka ba su naɗe wando ba. Daga Gummi zuwa bakin teku ya fi kilomita 600 a miƙe. Can kuwa ruwa ne da ke tashi ya sauka sau biyu a yini bisa jan wata, ba shi da ƙetare balle ka ce ga gonar wane can, kuma kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, abin da ko kilishin mugun mahauci bai kai ba. Gora da homa ba su da aiki a wurin. Sai dai in kwantar maka da hankali da abu ɗaya: ba baƙon ruwa ka yi wa amai ba. Gulbinmu yana wucewa ta Anka, ya ratsa ƙasar Bukkuyum, ya iske ku a Gummi, ya bi ta Jega ya faɗa Gulbin Kabi, shi kuma ya faɗa Kwara, a wuce Yawuri, a bi ta madatsar Kainji, a gamu da Binuwai a Lokoja, sannan a shiga teku. Wato ruwan da muka wanke tumbi da hanji a nan sama, wanda kuka saba sha a ƙasa kuna godiya, shi ya bi ka har can ya gane ka.

Yanzu mu zo kan kifin, tunda a kansa ka fi cika baki. Yadda aka ba ni labari, su ɗin nasu ba jifan birgi ba ne, ba kafa mali ba, ba shimfiɗa mamari a kwana ana jira ba. Jirgi ne ke tafiya sannu yana jan zaruruwa a baya, kowane da kifin roba mai ƙyalli a bakin ƙugiya. A gaban matuƙi akwai wata na'ura mai allo da ke aika sauti ƙarƙashin ruwa ta nuna masa zurfi da inda kifi ya taru, da wata da ke nuna hanya ta tauraron ɗan'adam. Kakanka yana duban launin ruwa da shawagin tsuntsu ya ce ga ramboshi can, kai kuma sai talabijin ta gaya maka. Bayan awa huɗu kwarkwaro ya yi ƙara, aka tashe ka daga inda kake kwance, aka ɗaura maka ɗamara, aka danƙa maka sanda. Ka ja, ka ja, ka kira sunayen kakanninka har na wajen uwa, daga ƙarshe yaron matuƙi ya karɓa ya ƙarasa. Kifi ya iso gefen jirgi, irin mai dogon baki kamar takobi da Turawa ke kira malin. Sai matuƙi ya sunkuya, ya zare ƙugiya, ya riƙe takobin ya ɗan ja shi cikin ruwa har ya farfaɗo, ya sake shi.

Ya sake shi! Da na faɗi wannan a rumfa, wani tsoho da ya shekara hamsin yana fawa ya ajiye wuƙa ya ce in maimaita. Ya ce, "Mi? Sun kama shi da hannunsu, sun ka bar shi ya tahi?" Na ce ƙwarai. Ya daɗe shiru, sannan ya tambaya ko a gidanku akwai mai irin wannan lalurar tun da. Ka yi tunani: in sayi sa a kara, in kayar da shi, in ɗaure ƙafafu, in wasa wuƙa, sannan in shafa masa doro in ce tashi ka gaida gida. Washegari Sarkin Fawa da kansa zai raka ni wurin masu ruƙiyya.

Ka ce wa mutane tsawonsa ya kai ƙyauren shago. A waya da ka kira gida ya zama ƙyaure biyu. Na san kafin ka zo hutun Salla zai kai motar Daki Takwas. In kifi ya fito ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Balle wanda aka saki, ba ya zuwa ba da shaida. Ban ce irinsa ba ya girma ba: wanda aka kama a gaɓar Burazil a 1992 ya kai kilo 636, wani ɗan'uwansa baƙi da aka kama a Peru a 1953 ya haura kilo 700, wato ya fi bijimin bokolo mai kyau nauyi, abin da ni kaina na ji na cire hula. Amma waɗancan an ɗora su a sikeli. Ko a Argungu, inda ake bikin su tun 1934, ba a karɓar labari, giwan ruwa ake karɓa, a rataya a auna gaban Sarkin Kabi, kamar mai kilo 78 da ya ci gasar 2020. Kuma an san dalilin tsananin: a 2008 wani ɗan'uwanku ya zo da ƙaton kifi ya ci gasa, daga baya aka gano ba a ranar ko a wurin aka kama shi ba, aka ƙwace kambun. Shi dai ya kawo kifi, ko da na aro ne. Kai hoton tumbi ka kawo.

Zan yi maka adalci sau ɗaya, kada ka saba. Da na bincika, sakin nan ba hauka ba ne zalla. Irin waɗannan manyan kifaye sun ragu saboda jiragen kamfanoni masu tafka-tafkan taru da dogayen mamari, shi ya sa masu su don nishaɗi da yawa suka ɗaukar wa kansu al'adar saki. Abin da ya ba ni haushi shi ne sai da ka je Ikko ka biya aka koya maka abin da gidanku ya riga kowa sani. Ba Sarkin Ruwa ne ke rufe gurbi a hana kowa jefa koma sai ranar da aka sa ba? Ba haka ake tsare gulbin Matan Fada na Argungu har ranar biki ba? Yau kuwa wasu yaranku da gidan sauro suke tace gulbi, su kwashe har 'ya'yan karfasa masu girman farce, wasu su zuba maganin ƙwari a tafki su tsince abin da ya taso. Shi ya sa tarwaɗar da ake kawo mana yanzu in ka gasa ta sai ka nemi madubi kafin ka gan ta, kuma shi ya sa mutanenku ke layi a teburina suna neman tsoka bashi. Ba na ƙorafi, ciniki ne. Na san za ka rama da zancen ƙuda da tsiren da ya kwana, da cewa ni ko a kwatami na faɗa sai an ciro ni. Gaskiya ne ban iya iyo ba. Amma ban taɓa biyan kuɗi don a kai ni inda zan nutse ba.

Akwai abu ɗaya a hoton da ban yi wa dariya ba sai a baki, rigar nan da ka ƙi sawa. Ka fi ni sanin abin da ya faru a Gummi ranar Asabar 14 ga Satumba 2024, da kwale-kwale ya kife da manoma masu tsallakawa gona da safe, aka rasa mutum gommai. Mun zo ta'aziyya, ni da kai muka zauna tabarma ɗaya, ranar babu wanda ya kira wani bawa. Allah Ya jiƙansu. Sarkawa sun yi nutso har ƙarfinsu ya ƙare, ba wanda zai raina musu, amma mutum nawa mai nutso ɗaya zai ɗauko a ruwan Satumba? Can Ikko, don wasa kawai, mutum shida a jirgi, kowa da rigarsa, matuƙi ya ƙirga ku kafin ya tada inji, ya duba yanayin iska, kuma ya fi ƙarfin kirarinka. Nan gida, inda shiga jirgi ba nishaɗi ba ne, hanyar gona ce da kasuwa da asibiti, ana loda mutane da buhuna da babura har ruwa ya zo daf da baki, in ka yi magana a ce ba ka da tawakkali. Hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, ta daɗe tana cewa ba riga ba shiga jirgi, amma rigar sai an gan ta kafin a sa.

Saboda haka ga hukuncin ubangidanka. Tafiya ta gaba da kuka shirya, na soke ta. Kuɗin ka kai kasuwa ka sayo rigunan ruwa gwargwadon abin da suka saya, manya da na yara, ka ɗoro su a motar Gummi kafin ruwa ya sauka, ka damƙa wa matuƙan mashigi hannu da hannu. Ka fara sa taka a gabansu da hular hana-sallarka, tunda ka riga ka zubar da mutuncin Sarkawa a teku, abin da ya saura ba shi da yawa. In jikan mai kiran kada ya sa, ba wanda zai ce abin kunya ne.

Sannan kuɗin sharata na watan cika-ciki shekara biyu ke nan ban gani ba. Ka biyo ta Anka ka sauke, kuma kada ka zo mini da labarin wani kifi da ya tafi. Busasshen ramboshi nake so, babba, wanda zan ɗora a sikelina da hannuna.