Yadda Na Dumama Ɗaki Garin Sanyaya Kwamfuta

A watan Disamba na 2022 wasu ƙwararru, tare da kamfanin Asus, suka matsa wa furosesar Core i9-13900K har gudunta ya haura gigahaz 9, abin da ba a taɓa gani ba kafin nan. Ruwan hiliyam suka riƙa kwarara mata, wanda sanyinsa ya kai digiri 269 ƙasa da sifili. Masu ƙaramin ƙarfi a wannan wasa ruwan naitirojin suke zubawa, shi kuma 196 ne. Dalilin a fili yake: in ka ƙara wa furosesa gudu sai ka ƙara mata wuta, in ka ƙara wuta ta ɗau zafi, in zafi ya yi yawa ta rage gudu da kanta ko ta ɗauke.

Ni da nake haɗa bidiyon biki da na suna a Kano, da tsohuwar kwamfutar da sai na ci tuwo na dawo ba ta gama fitar da aiki ba, na kalli waɗannan mutane a YouTube na ce ai kai ɗaya gare su, kamar ni.

Naitirojin dai ba a sayar da shi a bakin kasuwa. Amma na ji labarin farantin Peltier, ɗan fari mai faɗin santimita 4, wanda in ka ba shi wuta gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗayan ya yi zafi. Sunan wani Bafaranshe aka sa masa, mai gyaran agogo, da ya gano abin a 1834. Na kuma ji cewa irinsa ne a cikin ƙananan na'urorin sanyaya ruwan sha marasa kwamfuresa. To, uwargida tana da irin wannan na'ura a falo, cikin kayan da take ji da su. Ranar da ta tafi unguwa na kwance bayan na'urar, na ciro farantin.

Na manna farantin a kan furosesa, na ɗora fanka, na shiga saiti na ɗaga wutar daga bolt 1.2 zuwa 1.4, na ƙara gudu kashi 10 cikin ɗari. Lissafin da ban yi ba shi ne, cin wuta ba ya bin bolt sahu da sahu. Ninka shi ake yi da kansa. Wannan ɗan ƙarin kaɗai ya kai kashi 36 cikin ɗari, in aka haɗa da ƙarin gudun ya tasam ma rabi. Wato abin da ke cin wat 65 ya doshi 100, don in samu rarar minti ɗaya a cikin goma.

Farantin kuwa iyakar zafin da zai iya kwashewa wajen wat 60 ne, shi ma sai in gefensa biyu sun kusa daidaita. Da aka jibga masa abin da ya fi ƙarfinsa sai ya zama bargo. Kwamfutar ta kunnu, ta nuna sunanta, ta mutu.

Mai hankali a nan zai mayar wa matarsa kayanta. Ni kasuwa na nufa. Na sayo ƙarin farantai, da akwatin wuta na biyu da zai ciyar da su, da fankoki masu ƙugi, da bututun ruwa. Kowane faranti yana jan wajen amfiya 5 zuwa 6 a bolt 12, kuma duk wutar da ya ci zafi take komawa, ta haɗu da na furosesa ta fito ta baya. Ba ya kashe zafi, matsar da shi kawai yake yi, ya kuma ƙara nasa a matsayin ladan dako. Ɗakin ya zama ba ya zaunuwa. Na tuɓe riga, na kunna fankar sama, ita ma tana ci. Mitar kati ta fara kuka tun wata bai raba ba.

Uwargida ta leƙo tana fifita da gefen mayafi.

"Malam, wai burodi ka fara gasawa ne?"

"Bincike nake yi."

"To Allah Ya ba da sa'a. In ka gama, ka binciko mini abin da ya sa ruwana ya daina sanyi."

Na yi kamar ƙarar fanka ta hana ni ji.

Abin haushi, a wannan karon ya yi aiki. Lambar zafi ta sauka ƙasa da ta ɗakin, na ɗauki hotonta na tura wa abokai. Sai dai damina ce, iska cike da laima. Duk wanda ya taɓa ciro gorar zoɓo daga firij ya san yadda take zufa; haka ƙarfen da ke kan furosesata ya yi a lokacin da na bar ta ba aiki na tafi sallar la'asar. Ashe masu naitirojin sai sun shafe allon kwamfutar da man shafawa ko roba, sun nannaɗe shi da tsumma, kafin su zuba komai. Kuma su gudun 'yan daƙiƙoƙi suke nema, a ɗauki shaida, a kashe. Babu mai aikin yini a haka. Ko a baje kolin Computex na 2018 a Taiwan, da Intel ya nuna furosesa mai ƙwaya 28 tana gudun gigahaz 5, daga baya aka gano akwai injin sanyaya ruwa mai ƙarfin doki ɗaya da ke taimaka mata a ɓoye. Su ma ba kyauta suka samu sanyin ba.

Na dawo daga sallah na tarar da ƙauri.

Yaron da ke mini gyara ya juya allon, ya shinshina, ya nuna mini wani koren tabo kusa da mazaunin furosesa.

"Kawu, ruwan sama ne ya zubo mata?"

Na ce kusan haka.

"Da ƙurar fankar kawai ka kaɗe, ka canza man da ke kan furosesar, da zafinta ya sauka da kansa. Wannan ya bushe kamar ƙanzo."

Bidiyon bikin da na karɓi kuɗinsa a shagon wani na ƙarasa shi, ina biya awa-awa. Sabuwar na'urar ruwa kuma mai kwamfuresa uwargida ta zaɓa, ta sa aka ajiye ta a ɗakinta.