Taron Zumuncin Zauren WhatsApp: Kowa Ya Amince, Ma'aji Ya Biya

Duk zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai yana da mutum guda da ba ya barin jama'a su huta. Da zarar Sallah ta ƙarato sai ya rubuta: "'Yan uwa, wai yaushe rabon mu haɗu?" Kafin a yi Isha'i an cika zauren da Masha Allah, wani ma daga Jidda ya ce a bar masa maganar sa, shi zai saya. A wannan daren kowa attajiri ne.

Washegari a kafa kwamitoci: na abinci, na wuri, na anko, kowanne da sabon zaurensa, ban da wani na ɓoye da aka buɗe don gulmar shugaba. A shekarar 2022 WhatsApp ya ɗaga adadin mutanen da zaure zai iya ɗauka daga 256 har zuwa 1,024. Masu ba da shawara sun ninka, masu ba da kuɗi suna nan yadda suke. A shekarar ce kuma aka kawo tsarin kaɗa ƙuri'a don a rage gardama. Sai a kaɗa, Asabar ta yi nasara, sannan wanda bai jefa tasa ba ya turo saƙon murya mai tsawon huɗubar Juma'a yana bayanin fifikon Lahadi.

Maganar anko kuwa yaƙi ce mai zaman kanta. Wata baiwar Allah za ta yini a Kantin Kwari tana ɗauko hotunan atamfa da shadda, wannan ta ce kalar ba ta karɓar baƙar mace, waccan ta ce irinta aka yi a bikin ƙanwar mijinta. Daga ƙarshe a koma kan ta farkon da aka nuna, a tarar ta ƙare a kasuwa.

Duk wannan wasa ne. Ainihin jarrabawar tana zuwa ranar da ma'aji ya liƙa lambar asusu. Nan take zauren da ba ya barci ya yi tsit. Abin takaicin, manhajar tana nuna wa ma'aji sunan duk wanda ya karanta saƙon da lokacin da ya karanta, don haka yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya suna leƙowa suna zamewa. Uzuri kuwa ba ya ƙarewa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 aka koyi cewa "na tura, ta maƙale", kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun shekarar kowa ya haddace "ai ka san yanayin da ake ciki". Mutumin Jidda dai layinsa ya daina shiga, san da ya yi alkawari ya koma kaji.

Ranar taro an sa ƙarfe huɗu, bayan La'asar. Manya sai dab da Magariba, don kada a ce ba su da abin yi. Waɗanda ke fara isowa su ne mutanen da tun shigarsu zauren ba su taɓa rubuta ko "amin" ba. Su ne da yara uku-uku, da leda a aljihu, kuma su suka fi sanin inda aka ajiye kulolin shinkafa.

Da dare hotuna su yi ta sauka har datar mutane ta ƙare. Wayewar gari sai a buɗe sabon babi: naman ya yi kaɗan, zoɓon bai yi sanyi ba, kuma wanda bai ba da ko kwabo ba shi zai fara neman a kawo lissafin kuɗi dalla-dalla. Shugaba ya yi fushi ya fita, a roƙe shi a dawo da shi.

Ma'aji kuwa har yau mai hayar kujeru yana bin sa bashi. Duk wanda ya san ya ci shinkafar nan bai biya ba, lambar asusun tana nan a liƙe a saman zauren.