Jakarmu Roba, Akwatinmu Buhu

Wai ashe a duniyar nan akwai mutanen da sai sun kwana suna shawara kafin su sayi jakar da za su ɗaura wa babur. Yaran nan masu latsa waya ne suka kawo labarin fada, har da hotuna. Turawa masu yawon buɗe ido a kan babur, in ji su, jakunkunansu kashi-kashi ne. Akwai na gefe guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Akwai ta wutsiya, wadda ake ɗorawa a mazaunin baya. Akwai 'yar ƙarama ta kan tanki, ta waya da taswira. Sai kuma gardamar da ba ta ƙarewa a tsakaninsu: akwatin alminiyam mai makulli, ko jakar tamfol mai laushi? Masu akwati suna cewa ɓarawo ba ya buɗe shi, ruwa ba ya shiga, in ka gaji ma ka sauke ka zauna a kai. Masu tamfol suna cewa akwati tsada gare shi, kuma ranar da ka faɗi cikin rairayi shi zai danne maka ƙafa ya karya. Kowane akwati yana cin lita 30 zuwa 45, kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta iyakar nauyin da za a zuba, mai babur kuma ya karanta ya bi.

Nan fa dariya ta ɓarke. Wai ya karanta ya bi!

Mu nan, daga Gidan Runji har Gazawa, ba a sayen jaka sannan a nemi abin zubawa. Kaya ne ke fara taruwa a ƙofar gida, sai a tsaya a dube su, a ga da me za a kama su. Kayan aikinmu uku ne. Na farko buhun taki da aka wanke. Na biyu jakar nan mai gida-gida da 'yan Najeriya suka laƙaba wa Gana-mos-go tun korar baƙin da aka yi a 1983, korar da ta haɗa har da namu 'yan ci-rani. Na uku, uwa uba, roba. Tsohuwar robar cikin tayar mota ce mai faci yake zama ya yanka da reza, doguwa siririya, ya rataya a bakin rumfa. Babur ɗin da ba a naɗe masa roba a kariya ba, to ko dai jiya aka kwanto shi daga kwali, ko kuwa mai shi ba ya son mutane.

Dalilin da ya sa roba ta fi mana kowace jaka ba talauci kaɗai ba ne. Jaka tana cika, roba kuwa tana miƙewa, mu kuma tafiyarmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Ka kuskura ka ce da daddare gobe za ka Maraɗi, kafin a sallame sallar asuba unguwa duk ta ji. Kana ɗumama inji za ka ga Inna ta maƙwabta ta fito da ƙullin zane.

"Ɗan nan, ga ɗan saƙo ka miƙa wa ƙanwarka a Tibiri, a kan hanyarka ne. Ba nauyi."

"To Inna, kawo."

Ka ɗaga ka ji tiya biyar ce ta wake, da kwalbar man gyaɗa a tsakiya, da ƙullin daddawa. Kafin ka gama ɗaure nata, liman ya aiko yaro da wasiƙa da zakara. Mai shago ya ba da batir a kai gyara. Amarya ta ba da atamfa a kai wa tela. Wanne daga ciki za ka ce wa akwatinka lita 38 ne, ya cika? Zumunci a ƙafa yake, yanzu kuma ƙafar ta koma taya. Dawowa ma haka, domin wanda ya je birni ya dawo hannu biyu ya shiga bakin yara: ga burodi, ga rake, ga amsar kowane saƙo, ita ma ba nauyi.

Kowa kuma da irin ɗaurinsa, har kana iya gane sana'ar mutum tun daga nesa. Mai sayen aya a ƙauyukan Cadawa da Agye, inda ake noman ta fiye da kusan ko'ina a ƙasar, yakan kwantar da buhu a kariya, ya ɗora wani a kai, ya matsa gaba har ya hau tanki, gwiwoyinsa na dukan kan babur. Mai kaji yakan gicciya sanda ya rataye su ta ƙafa, ko ya ɗora akurki, ya shigo kasuwa da kuka kafin a ga ƙurarsa. Mai akuya ya fi kowa dabara: ya zura jar akuyar cikin buhu, ya bar kanta a waje, ya rungume ta a gaba tana kallon hanya. Mai burodi shi kaɗai ne a cikinmu mai akwati, na katako, wanda kafinta ya buga masa, ya fi babur ɗin faɗi. Malamin makaranta da aka tura ƙauye yana da katifa a naɗe, da jakar takardu a rataye, da tukunya tana ƙara a gefe duk inda aka faɗa rami. Sai 'yan ruwa-ruwa masu jarkokin mai, waɗanda mai walda ya yi wa ƙarafa dama da hagu. Su dai tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kasuwarsu ta sauya, amma ƙarafan ba su tashi a banza ba, sun koma ɗaukar jarkokin ruwa da na manja.

Abin da yaran fada ba su lura ba shi ne jakar gefe da suke yi wa kallon sabon abu, mangala ce. Kakanninmu sun ɗora ta a kan jaki tun babu kwalta. A watan Janairun 1851, lokacin da Bature Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa ya wuce Gazawa a kan hanyarsa ta Katsina, tare da ayarin gishirin Abzinawa ya taho, kuma duk kayan ayarin a bayan dabba suke, a rabe gida biyu. Fatake suna da akumari na shimfiɗawa don kada bayan dabba ya yi miki, suna da taiki da waga na fata, suna da igiyar kaba. Suna kuma da doka wadda ba a rubuta ba: dama da hagu su yi daidai, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. In gefe ɗaya ya rinjaya kuma babu abin ƙarawa, sai a ɗauki dutse a saka a ɗaya gefen.

Ba don sun fi mu hankali suka kiyaye wannan doka ba. Jaki ne yake tilasta musu. Ka yi masa lodin banza ya tsaya cik, ka doke shi ya kwanta, sai ka kwance ka sake. Babur kuwa ba ya gardama. Kasea ne, ko Haojue, ko Boxer, ka ɗora masa buhun gero mai tiya 40, kilo 100 ke nan, alhali shi kansa nauyinsa bai wuce kilo ɗari da 'yan kai ba, ka ƙara da mutum biyu, ka buga, ya tashi. Tun da ya tashi sai mu ce ya iya. Gardamar tasa yana ajiye ta ne sai an bar kwalta.

Ai a kan babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Runji da Tibiri da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Damagaram, kowane lodi gwani ne. Sauka ka nufi ƙauyukan Gangara ko na Cadakori ka ga yadda jigawa ke tona asiri. Kayan da aka tula can bayan tayar baya suna ɗage gaban babur, tayar gaba ta daina kama ƙasa, kan ya riƙa rawa a hannunka. Kayan da aka jera sama har suka wuce kan direba, da an ɗan karkata sai su ja babur su kayar. Jarkar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya haɗari, domin ruwan ciki yana kai da kawowa, ka karya dama shi ya tafi hagu. Da damina kuwa, in Gulbin Maraɗi ya kawo, mai buhun gari a rataye ƙasa-ƙasa yakan isa gida da kunu.

Mai gyaran babur na bakin tasha ya fi kowa sanin halinmu, domin a wurinsa ake biyan tara. Ka kai masa babur wayoyin ƙafar baya sun tsintsinke, sifirin ya zauna, kariya ta tsage wajen walda.

"Maigida, me ka ɗauka da shi?"

"Wallahi ba komai, ɗan buhu ne."

"Ɗan buhu ko uban buhu?"

Shi ne zai nuna maka baƙin tabo a jikin salansa, inda jakar leda ta narke ta manne. Salansa a dama take, kuma ba ta san atamfar amarya ba. Shi ne zai ciro guntun igiya da ya naɗe a sarƙa, ya ce ka gode Allah igiya ce, ba bakin hijabin wadda ka goyo ba. Wannan kam ba abin dariya ba ne. Duk wanda ya daɗe a hanya ya san matar da mayafinta ya shiga taya, ya kuma san mutumin da roba ta kuɓuce masa garin ja ta tsinke shi a ido. Haka nan lodin da ya rufe fitilar baya: kai kana ganin gabanka, mai babbar mota da ya biyo ka da magariba ba ya ganin ka.

Akwai kuma masu kaki. Tun da 'yan bindiga suka addabi bakin iyaka, har dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara suka kwararo yankin Gidan Runji a 2019, babur mai kaya abin tsayarwa ne a kowane shinge. Jandarma ya ce buɗe, ɗan duwan ya ce buɗe. A nan buhu ya yi wa akwati fintinkau: a kwance baki, a zura hannu, a ga wake ne, a ce Allah ya kiyaye hanya. Amma wanda ya cusa takardun babur a gindin buhu, ya yi wa buhun ɗaurin roba bakwai, shi zai yini a rana yana kwancewa, mutane na wucewa suna yi masa sannu. Takarda a aljihun gaba take zama, cikin leda, tare da kuɗin mai.

Masu wayo a cikinmu sun fara komawa gidan jiya ba tare da sun ce sun koma ba. Za ka ga an kai wa tela buhu biyu ya haɗe bakinsu da ƙyalle mai kauri, a ɗora a mazauni su sauko dama da hagu, a sa guntun katako tsakanin na dama da salansa. Mai nauyi ya shiga ciki, ƙasa-ƙasa, kusa da ƙafar direba. Tabarma da katifa su hau sama. Abin fashewa, kamar ƙwan zabi cikin ƙaiƙayi, ya zauna a gaba inda ido ke kai. Garin tuwo a gefe ɗaya, jarkar mai a ɗaya gefen, in ba haka ba gida duka su ci tuwo mai warin esansi har sati. Leda a cikin buhu take, ba a waje ba, domin ta waje iska ke yaga ta tun kafin a fita gari. Bayan an yi 'yar tafiya a tsaya a taɓa ɗauri, domin kaya suna zama, roba ta saki. Kuma a haɗa komai tun dare, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya rage mana shi ne dukawa su farka. Ƙasar da ke da jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, ga kaba a Gulbin Kaba ta igiya da saƙa, ga teloli a kowace kasuwa, bai kamata mai babur ya rasa mangalar kirki ta saye ba. A ɗinka ta da baki mai faɗi, da marfi saboda ƙura, da madauri huɗu, a rage tsawon ta dama don salansa. Wanda ya fara fitar da ita kasuwar Litinin ko ta Juma'a a Maraɗi ba zai koma da ita gida ba. Sai dai kada ya yaudari kansa: ko ya yi ta da girman rumbu, ranar farko za a cika ta, a ɗora wani buhu a sama, a nemi roba.

Saboda haka shawarar da fada ta tsayar, bayan an sha shayi na uku, ba ta jaka ba ce. An ce daga yau duk mai babur yana da ikon ya ɗaga saƙo ya ji nauyinsa kafin ya ce to. In ya fi ƙarfin gefe ɗaya, a raba shi biyu. In ya fi ƙarfin babur, a jira motar kasuwa. Mai kawo saƙo kuma ya taho da robarsa. An tambayi wa zai je ya shaida wa Inna wannan doka, kowa ya ce shi gobe yana da sammako.