Allah Ya Ja Zamanin Kwatar Tudun Wada

Akwai waɗanda suka gaji fadama, akwai kuma waɗanda suka gina tasu da hannunsu. Mutanen Neja Delta ba su da bakin alfahari, don tarar da tasu suka yi. Mu a Tudun Wadan Zariya da guminmu muka samu. Allah ya shimfiɗa mana kogin Kubanni a gefe domin ya kwashe ruwan damina ya miƙa wa Galma, amma haziƙan unguwa suka ce ba a yi haka ba, baƙon da ya sauko daga sama ba a sallamarsa da wuri. Muka tare masa hanya da shara, muka aza harsashi a kan magudanarsa, ya zauna tare da mu har kaka.

Gaishe ki kwata, uwar haƙuri, ma'ajiyar unguwa, wadda ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba! Sauran ruwaye gudu suke yi, ke kuwa kin san sarauta ba ta gaggawa. Durƙusa ka duba ta da kyau: ledar fiya-wata tana bisa robar lemo, robar lemo tana bisa ɓawon rake, a ƙarƙashi baƙin taɓo mai kauri, a sama kuma wani koren mayafi yana tsattsafo da kumfa. Ƙamshinta kuwa, mai tsire da mai ƙosai da suka kafa a bakinta su ne shaida.

Dubi kuma hikimar jama'arta. Da hadari ya haɗo a watan Agusta, iska ta kaɗa, sai ka ga yara suna fitowa daga zaure ɗauke da bokitan shara, kowa yana juye wa kwata rabonta don ruwa ya kai gaba. Ruwa ya kai gaba ɗin, har bakin kwalbati. Nan ya tarar da saƙon maƙwabta ya riga shi, sai ya hau titi, ya ratsa zaure, ya gaisa da masai, ya leƙa rijiya, ya shiga ɗaka ya ɗaga tabarma. Wace unguwa ce ke da zumunci irin wannan, inda sharar gidan sama ke kwana a ɗakin gidan ƙasa?

A wannan fada aka haifi yarima. Ranka ya daɗe sauro, ƙaramin jiki mai babban aiki, makaɗin da ba ya jiran gayyata, mai allurar da ba ya tambayar kati! Macen ce ke cizo, don da jini take rainon ƙwanta, kuma kimanin kwana 10 sun ishi ƙwai ya zama jarumi mai fiffike. Mun yi wa kowane gida nasa masauki: mai kukan kunne yana da ƙazamar kwata, mai ɗauke da zazzaɓi kuwa, da yake ɗan gayu ne, mun bar masa ramukan titi, kududdufai da tsofaffin tayoyi.

Duniya ma ta san da zamanmu. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022, Nijeriya ce ke da kusan kashi 27 cikin 100 na masu zazzaɓin cizon sauro, da kusan kashi 31 na waɗanda ya kashe, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Babu ƙasar da ta kamo ƙafarmu. Aljeriya ta kori nata zazzaɓin a 2019, Sin a 2021, Masar a 2024. Su suka sani da rowarsu. Mu ko gidan sauron da aka raba kyauta, mai hankali yakan killace kaji da shi, ko ya rufe irin tumatir, don kada yarima ya zo ya tarar da ƙofa a kulle.

Kafin damina kuma ga bazara, sarauniyar Maris da Afrilu, mai sa kwanon rufi ya yi ƙara da tsakar rana. Mun sare itatuwan da ke tare mata hanya, mun dasa shaguna. Da dare, in an ɗauke wuta, magidanci yana da cikakken 'yancin zaɓi: ya kwana a ɗaki ya narke, ko ya fito tsakar gida ya biya jangali da jininsa. Da safe ya tsallake ruwan da ya kwanta a ƙofar gida, ya tare ɗan garuwa ya sayi na sha.

Kada wani ya ce jahilci ne. Ga Kongo a maƙwabta, inda ake koyar da mulki da shari'a. Ga kamfanin Gaskiya, da aka kafa a 1945 don wayar da kan Arewa. A unguwar nan asibitin koyarwa ya zauna kafin ya koma Shika. Tun 1897 duniya ta gano sauro ne ke yaɗa zazzaɓin, kuma mun karanta, mun ci jarrabawa a kai. Sai dai ilimi bai sa mu girman kan da za mu ɗauki shebur ba. Zamanin duba-gari, mai leƙa randa yana cin tarar mutane, Allah ya raba mu da shi.

Jinjina ta musamman ga masu neman ƙuri'a, waɗanda ke ɗage babbar riga su tsallake kwata, su yi alkawarin yashe ta, su dawo bayan shekara 4 su tarar da ita cikin ƙoshin lafiya. Da sun cika alkawari, da me za su yi na gaba?

Saboda haka, jama'a, damina na tafe. Kowa ya tanadi shararsa, mai fili a bakin rafi ya hanzarta gini, masu kemis su ƙaro ledar ƙarin ruwa, masu haƙar kabari kuma su wasa ƙananan magirbai.