Wasiƙa zuwa ga Tsohon da ya sha guje wa jangali

Manchesta, Ingila.

Tsoho mai ran ƙarfe. Ya mutanen Makera, ya sanyin bakin Zobe, ya amaryata? Amana na bar maka ita, kada ka ga ba na nan ka ɗauka ka ci gari.

Saƙonka na injin ban-ruwa ya iso. Wai a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma aka tsegunta maka cewa jikanka yana kwance a ɗaki yana danna kwamfuta, dala na zubowa daga Amurka, ba ubangida, ba mai karɓar haraji. Rabin zancen gaskiya ne. Fassara nake yi wa kamfanoni, kuma ba ni da ubangida. Uwargida nake da ita, domin takardar zaman ƙasar tata ce, ita ce ma'aikaciyar jinya, ni ɗan rakiya ne. Kada wannan ta fita majalisar ƙofar gida. Amma rakiyar ce ta halatta mini sana'ar kaina, abin da aka haramta wa mai bizar ɗalibta.

Ɗaya rabin kuwa, wallahi ku kun more. A zamaninku in dagaci ya aiko, sai ka kora shanu daji cikin dare, da safe ka ce uku gare ka, ɗaya ma gurguwa. A haka har Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979, Katsina tana cikin jihar Kaduna. A nan kai ne dagacin, kai ne dogarin, kai ne kuma talakan da ake nema. Da cinikinka ya haura fam 1,000 a shekara, da ƙafarka za ka kai kanka rajista, a ba ka lamba mai alƙaluma goma, daga nan kun ƙulla zumunci da hukuma. Shekarar tasu ma daga 6 ga Afrilu take farawa, ta ƙare 5 ga Afrilu.

Fam 12,570 na farko na riba ba a taɓa su. Abin da ya hau kai a yanki kashi 20 cikin ɗari, a ƙara kashi 6 na inshorar ƙasa. Ranar 31 ga Janairu ake rufe ƙofar miƙa lissafi da biyan haraji, wanda ya makara da lissafin ko da kwana ɗaya ne tarar fam 100 ta hau kansa. Ga wadda za ta sa ka cire hula: in harajinka ya wuce fam 1,000, a ranar za ka haɗa da rabin na shekarar da ba ta ƙare ba, ragowar rabin a ƙarshen Yuli. Kamar a karɓi zakkar gero tun yana yabanya.

Na san me za ka ce, kuɗin ai ba a Ingila aka haife su ba. Ba ruwan doka da asalin kuɗi, makwancin mai su take dubawa. Wanda ya yi kwana 183 a ƙasar cikin shekara ya zama nasu, shi da duk abin da ya samo ko daga ina. Sa'a ɗaya, akwai yarjejeniya tsakanin Najeriya da Birtaniya kada a yi wa mutum aski biyu a kai ɗaya.

Ana dai rage wa mutum abin da ya kashe don sana'a: kwamfuta, kuɗin intanet, wani yanki na kuɗin ɗumama ɗaki, muddin ya adana rasit har shekara biyar. Na tambayi akanta ko goron Tsoho, da gudummawar biki, da ragon suna za su shiga lissafi, tunda su ma dole ne. Ya daɗe yana kallona kafin ya ce a'a.

Saboda haka ka ci gaba da aron injin maƙwabta zuwa Fabrairu, in Allah ya kai mu, in ga abin da suka rage mini. In an saya ka sa mai kanti ya rubuta rasit, a ɗauki hotonsa a turo. Ba zai yi mini amfanin komai ba, hannuna ne ya saba.

Naka,
Jikanka, angon gidan.